Maurice Stokes: Gwanin Ƙwallon Kwando Da Ciwo Ya Kwantar

An haifi Maurice Stokes ran 17 ga watan Yuni, 1933, a garin Rankin na Jihar Pennsylvania, ƙasar Amurka. Bayan ya gama Kwalejin Saint Francis, ƙungiyar Rochester Royals ta ɗauke shi cikin 1955, aka kuwa zaɓe shi gwanin sababbin 'yan wasa a shekararsa ta farko. A ta biyu ya cafe ƙwallon da ta kuskure kwando har sau 1,256, abin da ba wanda ya taɓa yi kafinsa.

Ran 12 ga watan Maris, 1958, ana cikin wasa a Minneapolis, ya faɗi kansa ya bugi daɓe, ya suma. Da ya farfaɗo sai aka mai da shi fili. Bayan kwana uku ciwo ya taso masa cikin jirgin sama, jikinsa ya shanye, bakinsa ya rufe.

A zamanin da wariyar launin fata ke da ƙarfi a Amurka, wani abokin wasansa farar fata, Jack Twyman, ya je kotu ya karɓi riƙon wannan baƙar fata. Shi ya yi ta fafutukar neman kuɗin asibiti har shekara 12. Stokes kuwa bai karaya ba, ya jure wa jinya har ya koma yin magana kaɗan-kaɗan.

Ya rasu a Cincinnati ran 6 ga watan Afrilu, 1970, yana da shekara 36. Cikin 2013 hukumar NBA ta ƙago lambar yabo ta abokin wasa nagari, ta sa mata sunayensu su biyu.