Margaret McMillan, Mai Tsaya wa 'Ya'yan Talakawa

An haifi Margaret McMillan a Amurka a 1860, amma a Sikotilan ta girma. A 1894 mutanen Bradford, garin masaƙu a Ingila, suka zaɓe ta cikin hukumar makarantunsu. Sa'ad da ta zaga makarantun unguwannin talakawa, sai ta iske yara da yunwa da ƙwarƙwata, waɗansu kuwa rabin yini a aji, rabi a masaƙa. Ina karatu zai shiga irin wannan yaro? Ta nace har aka gina wurin wanka a makaranta, likita kuma ya duba yaran.

A 1902 sabuwar doka ta rushe hukumomin nan, ta ba da aikin ga majalisun da ba a zaɓen mace a cikinsu. Kujerarta ta tafi ke nan. Ta koma Landan, ba ta yi shiru ba, har dokar ciyar da 'yan makaranta ta fito a 1906, ko da yake izini kaɗai ta bayar, ba tilas ba. A unguwar Deptford ita da yayarta Rachel suka buɗe asibitin yara a 1910. A 1919 aka zaɓe ta cikin majalisar Landan. Ta rasu a 1931.