Ludwig Guttmann: Likitan da ya mayar da wasa magani

Kafin shekarar 1944, wanda ya karye a ƙashin baya har lakarsa ta taɓu, kusan an gama yanke masa hukunci. Likitocin Turai kan kwantar da shi a ƙarshen ɗaki, su dirka masa maganin kashe raɗaɗi, a zauna jiran ajali. Mafi yawan irin waɗannan majinyata ba sa daɗewa, kuma abin da ke kashe su ba karayar ba ce, gyambon kwanciya ne da ciwon mafitsara. Mutumin da ya sauya wannan al'amari shi ne Dakta Ludwig Guttmann, ɗan gudun hijira daga Jamus, wanda a yau ake ɗauka a matsayin uban gasar Olamfik ta nakasassu.

An haife shi ranar 3 ga Yuli, 1899, a garin Tost da ke yankin Silesiya, wanda a lokacin yake cikin Jamus, yanzu kuma yana ƙasar Poland. Iyayensa Yahudawa ne. A 1917, yana matashi, ya yi aikin sa-kai a wani asibitin masu haɗari a garin Königshütte, inda ake haƙar kwal. A can aka kawo wani ƙaƙƙarfan ma'aikacin ma'adinai da ya karye a baya. Likitoci ba su ga amfanin wahalar da kansu a kansa ba, kuma cikin makonni biyar ya rasu. Wannan abu ya tsaya wa Guttmann a rai har tsufansa.

Ya fara karatun likita a Jami'ar Breslau a 1918, ya kammala a Freiburg a 1924, sannan ya goge a fannin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a hannun shahararren Farfesa Otfrid Foerster. Tauraronsa na cikin haskawa 'yan Nazi suka karɓi mulki a 1933, suka hana likitoci Yahudawa aiki a asibitocin gwamnati. Sai ya koma asibitin Yahudawa na Breslau, wanda ya zama shugabansa a 1937.

A daren 9 ga Nuwamba, 1938, aka far wa Yahudawa a faɗin Jamus, ana ƙona wuraren ibadarsu da shagunansu, ana kama mazajensu. Guttmann ya umarci ma'aikatansa su ba duk wanda ya zo gado, ba tare da tambaya ba. Washegari 'yan sandan ciki na Gestapo suka iso, ya zagaya da su gado-gado yana kawo hujjar kwantar da kowane mutum. Cikin mutum 64 da aka karɓa, 60 sun tsira daga kamu. Daga nan ya san zama bai gan shi ba. A watan Maris na 1939 ya isa Oxford ta Ingila da matarsa Else da 'ya'yansu biyu, ya ci gaba da bincike kan jijiyoyi.

Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Birtaniya ta hango cewa za a samu sojoji da yawa masu raunin laka idan aka tsallaka yaƙi cikin Turai. A 1943 ta nemi Guttmann ya kafa musu sashe na musamman, ya amince bisa sharaɗin a sakar masa mara ya yi aikin yadda ya ga ya dace. An buɗe sashen ranar 1 ga Fabrairu, 1944, a asibitin Stoke Mandeville. Abokan aikinsa da dama sun ɗauka ya jefa kansa a aikin da ba riba.

Da jiki ya fara. Ya kafa dokar juya kowane majinyaci duk bayan awa biyu, dare da rana, don kada nauyin jiki ya danne fata har jini ya daina gudana ta ruɓe. Ya tsananta tsafta wajen sa robar fitsari, ya rage maganin da ke sa majinyata barci dare da rana. Yakan faɗo ɗakin jinya da tsakar dare don ya ga ko ana bin umarninsa. Mutum ne mai zafi, wanda ba ya son musu, kuma ma'aikata da majinyata duk sun ɗanɗana faɗansa. Duk da haka laƙabin da suka sa masa shi ne Poppa, wato Baba.

Da mace-mace suka ragu, sai babbar matsalar ta fito fili. Saurayin da jiya yake fagen fama, yau ya farka ba ya jin ƙafafunsa, zuciyarsa kan mutu kafin jikinsa. Ba ya son abinci, ba ya son baƙi, yana ganin ya zama kaya. Guttmann ya fahimci cewa lallashi da baki ba ya warkar da wannan ciwo, sai mutum ya ga jikinsa ya aikata wani abu da ya zaci ya fi ƙarfinsa. Saboda haka ya sa motsa jiki da wasanni cikin jadawalin magani, dole ne kamar allura. Ya haɗa da koyon sana'o'i irin su aikin katako da gyaran agogo da buga tafireta. Burinsa, wanda ya sha bayyanawa, shi ne majinyatansa su koma cikin jama'a suna aiki har suna biyan haraji.

An fara da wani irin wasan folo a kan keken guragu, amma da aka ga ana yawan jin rauni sai aka koma jefa ƙwallo a raga, daga baya ƙwallon kwando. Wasan da ya fi karɓuwa shi ne harbin kibiya. Jan baka yana ƙarfafa kafaɗu da hannuwa da baya, waɗanda su ne jarin mai zama a keke, yana kuma koya masa daidaita zamansa. Ban da haka, mai keke na iya karawa da mai ƙafa a wannan wasa, ya kuma kayar da shi. Wanda ya ci nasara a gaban jama'a ba ya komawa gado da irin zuciyar da ya taso da ita.

Ranar 29 ga Yuli, 1948, ranar da aka buɗe gasar Olamfik a Landan, Guttmann ya shirya gasar harbin kibiya a filin asibitin. Mutum 16 ne suka fafata, maza 14 da mata biyu. Daga nan ta zama ta shekara-shekara. A 1952 tsofaffin sojojin Holan suka shigo, ta zama ta ƙasa da ƙasa. A 1960 aka kai ta birnin Rum, inda 'yan wasa kusan 400 daga ƙasashe 23 suka hallara, kuma ita ce ake lissafawa a matsayin gasar Olamfik ta nakasassu ta farko. A 1976, a Toronto ta Kanada, aka shigo da makafi da waɗanda aka yanke wa gaɓoɓi.

Guttmann ya zama ɗan Birtaniya a 1945. A 1961 ya kafa ƙungiyar likitocin laka ta duniya. A 1966 Sarauniya Elizabeth ta ba shi sarautar Sir, a shekarar ce kuma ya sauka daga shugabancin sashen, ko da yake bai bar hidimar wasannin ba. Ya rasu ranar 18 ga Maris, 1980, yana da shekara 80, watanni bayan ya samu bugun zuciya.

Nijeriya ta fara shiga gasar a Barcelona a 1992, kuma 'yan wasanta sun yi suna a ɗaga nauyi, inda suka sha ciyo zinare. Amma gadon Guttmann ya wuce lambobin yabo. Juya mara lafiya a kan lokaci, da tayar da shi zaune, da ba shi abin yi da hannunsa, ba sa buƙatar na'ura mai tsada. A gidajenmu akwai waɗanda haɗarin mota ko na babur ya kwantar, da tsofaffin da shanyewar ɓarin jiki ta kama, da yaran da shan-inna ta taɓa. Sau da yawa tausayi kan sa a hana su ko da ɗaga tsinke, a killace su a ɗaki da sunan kulawa. Aikin Guttmann ya nuna cewa irin wannan tausayi na iya zama cuta ta biyu, domin jikin da aka hana motsi yakan tafi da zuciyar mai shi.