Seydou Keita: Kafintan Bamako da duniya ta san hotunansa kafin ta san sunansa

A shekarar 1991 aka buɗe wani baje kolin fasahar Afirka a birnin New York na Amurka. Cikin kayan da aka rataye akwai wasu tsofaffin hotuna marasa launi na mutanen Bamako, an rubuta a ƙarƙashinsu cewa ba a san wanda ya ɗauke su ba. A lokacin kuwa mai hotunan yana raye, ya kai kimanin shekara 70, yana gidansa a babban birnin Mali yana gyaran ƙananan babura. Shi ne Seydou Keita, wanda a yau ake lissafa shi cikin manyan masu ɗaukar hoto na ƙarni na 20.

An haife shi a Bamako a wajajen 1921, lokacin ƙasar tana hannun Turawan Faransa. Mahaifinsa kafinta ne, don haka tun yana ɗan shekara bakwai ya fara riƙe zarto da guduma, bai kuma yi karatun boko ba. A 1935 wani kawunsa ya dawo daga Senegal da ƙaramar kyamara ƙirar Kodak Brownie, wadda ta zama tasa. Da ita ya fara gwaji a kan 'yan gidansu da abokan aikinsa. Hotunan farko da yawa sun fito dishi-dishi, domin bai san yadda ake auna haske da nisa ba, kuma kowane kuskure asarar kuɗin fim ne.

Sai ya bi hanyar da ya sani a kafinta, wato zama a gaban wanda ya iya. Ya koyi wani abu wajen Pierre Garnier, Bafaranshe mai shagon kayan hoto a Bamako, sannan ya kusanci Mountaga Dembele, malamin makaranta kuma mai ɗaukar hoto, wanda ya nuna masa wanke fim da fitar da hoto a ɗakin duhu. Shekara 13 ya yi tsakanin samun kyamarar farko da buɗe wurin kansa, kuma a galibin wannan lokaci kafinta ce take ciyar da shi.

A 1948 ya buɗe shagonsa a filin gidansu da ke unguwar Bamako-Kura, kusa da babban gidan yari, ba nisa da tashar jirgin ƙasa da ke haɗa Bamako da Dakar. Wurin ya yi masa rana. 'Yan kasuwa, ma'aikatan gwamnati, matan aure, 'yan mata da matafiya suka riƙa tururuwa, kowa yana son hoton da zai rataya a ɗaki ko ya aika wa dangi.

Keita ya fi son hasken rana a kan fitila, shi ya sa yawancin aikinsa a tsakar gida ya yi shi. Saboda tsadar fim, sau ɗaya yake ɗaukar kowane hoto. Wannan tsimi ya tilasta masa gama dukkan aiki kafin ya danna kyamara: ya gyara zaman mutum, ya karkata kafaɗarsa, ya shimfiɗa bakin zane, ya ɗora hannun mace inda lalle da zobe za su fito. Yana aiki da babban dodon hoto mai santimita 13 da 18, yana fitar da hoton daidai girmansa, ta yadda zaren sutura da kitson kai suke fitowa tar.

Labulen farko da ya rataya a bayan masu hoto zanen gadonsa ne. Daga baya yakan sauya labulen bayan 'yan shekaru, kuma haɗuwar zanen labule da na atamfar da mace ta ɗaura ta zama alamar aikinsa. Ya tanadi kayan aro ga mai so: kwat, hula, agogo, alƙalami, tabarau, akwatin rediyo, babur ƙirar Vespa, har da motarsa Peugeot 203. Ya gane cewa wanda ya biya kuɗin hoto yana son a gan shi a yadda yake burin zama, kuma cika masa wannan buri cikin mutunci shi ne cinikin.

Bayan Mali ta sami 'yancin kai a 1960 ƙarƙashin Modibo Keita, gwamnati ta ɗauke shi aiki a 1962 a matsayin mai ɗaukar hoto na hukumar tsaro. A 1963 shagon ya rufe, ya ci gaba da aikin gwamnati har ya yi ritaya a 1977. Sunansa ya dusashe, amma akwai abin da bai yi sakaci da shi ba. Dubban dodon hotunan da ya ɗauka a shekara 15 na shagon ya jera su cikin akwatin ƙarfe ya adana. Hausawa na cewa ajiya maganin wata rana.

Ranar ta zo bayan baje kolin New York. Wani attajiri mai tara kayan fasaha, Jean Pigozzi, ya ga hotunan, ya tura André Magnin ya nemo mai su. Da Magnin ya isa Bamako ya nuna wa Malick Sidibe, wani gwanin hoto na birnin, nan take ya gane aikin Keita. A 1994 Gidauniyar Cartier ta shirya masa baje koli na musamman a Paris, a shekarar da aka fara bikin hotunan Afirka na Bamako, wanda babbar kyautarsa take ɗauke da sunansa. Hotunan da ya sayar da araha aka faɗaɗa su, suka shiga manyan gidajen tarihi na duniya.

Shahara ta zo da nata rikici. A ƙarshen rayuwarsa saɓani ya taso tsakanin masu dillancin aikinsa kan ikon mallakar ɗaruruwan dodon hotunan da aka fitar zuwa Turai, maganar ta kai gaban kotu bayan rasuwarsa. Ya rasu a Paris a watan Nuwamban 2001. A 2016 aka shirya gagarumin baje kolin tunawa da shi a zauren Grand Palais na birnin.

A yau matashi a Kaduna, Zariya ko Birnin Gwari yana riƙe da wayar da ta fi Kodak Brownie ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma bukukuwan aure, suna da hawan Sallah sun buɗe kasuwar da Keita bai samu irinta ba. Abin da waya ba ta bayarwa shi ne abin da ya kwashe shekaru yana koyo: sanin haske, haƙurin gyara mutum, da girmama mai biya. Iyayen da ɗansu ya zaɓi wannan sana'a za su taimake shi idan suka kai shi gaban gwani, suka kuma hore shi da ya sa sunansa a aikinsa, ya adana asalin kowane hoto, ya rubuta yarjejeniya kafin ya miƙa shi ga wani.