Alhaji Mamman Shata, Makaɗin Da Ya Yi Suna A Birnin Kano

Jama'a, yau za mu ba ku labarin wani mutum wanda mahaifinsa ya so ya hana shi waƙa, amma Allah ya nufa ta hanyar waƙar nan sunansa zai game ƙasar Hausa duka. Wannan kuwa shi ne marigayi Alhaji Mamman Shata Katsina.

An haife shi a Musawa, cikin ƙasar Katsina, wajen shekarar 1923. Mahaifinsa, Malam Ibrahim Yaro, Bafillace ne, yana kuwa ganin kiɗa da waƙa roƙo ne, ba sana'ar ɗan mutunci ba. Saboda haka aka sa yaron makarantar allo, da ya tasa kuma ya shiga tallar goro da alewa. To, amma abin da ke cikin jini ba ya ɓoyuwa. A dandali ya fara, yana waƙa don nishaɗi, ba don a ba shi ko anini ba. Sannu a hankali abin ya zama sana'a, ya koma Bakori da zama, yana zaga garuruwa da makaɗansa.

A cikin birnin Kano ne tauraronsa ya fito sosai. Cikin 1952, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka yi babban bikin auren 'ya'yan sarki, Shata ya yi wasa a wurin. Kano kuwa matattarar fatake ce, abin da aka ji a birni yau, gobe ya kai Kasuwar Kurmi, jibi ya bi ayari da motoci zuwa ko'ina. Daga nan sunansa ya bazu. Ko da ya ke daga baya Funtuwa ya mai da mazauninsa, bai rabu da Kano ba har ƙarshen ransa.

Abin da ya bambanta shi da sauran makaɗa shi ne bai zama makaɗin fada guda ba. Makaɗan taushi da na kotso kowa da ubangidansa, shi kuwa Shata kalangu ya riƙe, watau gangar da aka sani da mahauta da 'yan mata, ya shiga da ita gaban sarakuna. Ya yi wa sarki waƙa, ya yi wa attajiri, ya yi wa direba da manomi da dogari. Sa'ad da aka yi yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, ya ƙarfafa wa sojoji zuciya. Da mutanen Amurka suka sauka a kan wata cikin 1969, ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa. Ba ya rubutawa, nan take ya ke shiryawa, 'yan amshi na karɓa. Mun kuma san yana da kaifin harshe, wanda ya taɓa shi ya sha zambo, malamai kuwa sun yi ƙorafi kan waɗansu waƙoƙinsa na shaye-shaye.

Gwamnati ta ba shi lambar girma ta MON. Cikin 1988 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na Dakta. Ga sana'ar da aka raina ta kai mai ita zauren masana.

Ya rasu a asibiti a Kano ran Jumma'a, 18 ga Yuni, 1999, aka kai shi Daura aka binne, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar.

To, ga abin da ya rage a wuyanmu. Tun da ya ke Shata bai rubuta ba, waƙoƙinsa suna cikin tsofaffin faya-fayan garmaho da kaset da ɗakunan ajiya na gidajen rediyo, waɗannan kuwa zafi da ƙura na cin su. Duk wadda ta lalace, ta tafi da sunayen mutane da garuruwa da Hausar zamaninta. Muna roƙon hukumomi da masu hali su tattara su tun da sauran dama. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, amin.