GIROUARD, SOJAN DA YA SHIMFIƊA DOGO ZUWA KANO

Da yawa daga cikin 'yan Arewa mazauna Kudu dogo ne ya kawo kakanninsu. To, wanda ya soma shimfiɗa shi zuwa Kano soja ne, Percy Girouard, haifaffen Kanada a 1867.

A fagen yaƙi ya yi suna. A 1897 ya ratsa hamadar Sudan da hanyar jirgi daga Wadi Halfa zuwa Abu Hamad, aikin da aka ɗauka ba zai yiwu ba. Ta nan Janar Kitchener ya kwaso sojoji da makamai da abinci, ya murƙushe mayaƙan Mahadi a Omdurman a 1898. Watau jirgin ƙasa ya share wa bindiga hanya. Haka kuma ya riƙe reluwe a yaƙin Afirka ta Kudu.

A 1907 aka naɗa shi shugaban mulkin Arewa, ya fara layin Baro, wanda ya isa Kano a 1911, bayan an mayar da shi Kenya. Layin da ya ratsa Lafiya zuwa Fatakwal daga baya ya zo. An buɗe gadarsa ta Makurɗi a 1932, shekarar da Girouard ya mutu a Landan.