George Washington Carver, Likitan Tsire-tsire

Yawancinmu da ke wannan kwaleji, in Allah ya kai mu ƙarshen koyo, ƙauye za a tura mu. Wani zai tarar da makaranta ba isassun bencina, wani ba taswira, wani ma alli sai an yi tattali. Shi ya sa na ga ya kamata in ba ku labarin wani malami wanda ya tarar da abin da ya fi wannan muni, amma bai naɗe hannu ba.

An haifi George Washington Carver wajen shekarar 1864 a kusa da wani ƙauye wai shi Diamond, cikin jihar Misuri ta Amurka, lokacin ana tsakiyar yaƙin basasa. Uwarsa Maryamu baiwa ce a gidan wani manomi Bature, Moses Carver. Yana jariri, waɗansu mahara suka zo da dare suka sace shi tare da uwar. Moses ya aiki mutum ya bi sawu, sai yaron kaɗai aka samo, uwar kuwa ba a sake jin ɗuriyarta ba. Da aka hana bauta a 1865, Moses da matarsa Susan suka riƙe shi kamar ɗansu.

Yaron rarrauna ne, ga yawan tari, saboda haka ba a sa shi aikin gona mai nauyi ba. A gida ya zauna, ya koyi girki da wanki da ɗinki. In ya sami sarari sai ya shiga daji yana duban tsire-tsire, yana lura da wanda ke son inuwa da wanda ke son rana. Har ta kai maƙwabta suna kawo masa furanninsu da suka yanƙwane, ya jinyace su su farfaɗo, aka laƙaba masa suna likitan tsire-tsire.

Makarantar ƙauyensu ba ta karɓar baƙar fata. Da ya yi shekara goma sha wani abu sai ya taka zuwa garin Neosho, tafiyar wajen mil 8, inda akwai ta baƙaƙe. Daga nan ya yi ta yawo gari gari cikin jihar Kansas, yana aikatau yana karatu. Wata kwaleji a garin Highland ta karɓe shi ta wasiƙa, amma da ya iso aka ga launin fatarsa sai aka rufe masa ƙofa. Bai fid da rai ba. A 1890 ya shiga Kwalejin Simpson a jihar Ayowa, yana koyon zane. Da kuɗi suka yanke masa sai ya tuna da sana'ar da Susan ta koya masa, ya sayi baho da sabulu ya shiga yi wa 'yan'uwansa ɗalibai wanki da guga. Malamarsa ta zane ta lura da yadda yake zana tsire-tsire dalla-dalla, ta ba shi shawara ya koma kwalejin aikin gona da ke Ames. Ya shiga a 1891, shi ne baƙar fata na farko a cikinta, ya sami digiri a 1894, ya ƙara na biyu a 1896.

A wannan shekara ta 1896 ne Booker T. Washington, shugaban makarantar baƙaƙe ta Tuskegee a jihar Alabama, ya kira shi ya zo ya shugabanci sashen aikin gona. Ya bar kwaleji mai kayan aiki da yalwa ya tafi. Da isarsa ya tarar ba ɗakin gwaje-gwaje, ba kuɗin sayen kaya. To, me ya yi? Sai ya kwashi ɗalibansa suka bi juji da bayan gidaje suna tsintar kwalabe, da gwangwanaye, da tsofaffin tukwane, da guntayen waya. Da waɗannan tarkace suka haɗa fitilar ɗumama abin gwaji, da rariya, da turmin niƙa, aiki ya kama.

Babbar wahala kuwa tana waje, a gonakin talakawa. Shekara da shekaru manoman kudancin Amurka ba su shuka kome sai auduga, har ƙasa ta gaji, ruwan sama ya zaizaye ta. Yawancin baƙaƙen manoma gonar ba tasu ba ce, in an yi kaka sai su raba amfani da mai ƙasa, bashi kuma ya cinye rabonsu. Wani masani da ya ce musu su sayi takin kanti, ya gama. Carver ya san maganin da mai ciwo ba zai iya saya ba ba magani ba ne. Saboda haka ya fara da tambaya: me ke hannun mutanen nan wanda ba sai sun biya ba?

Ya ɗauki gonar gwaji ta makaranta, wadda ƙasarta ta mutu murus, ya riƙa zuba mata ruɓaɓɓen ganye, da laka daga fadama, da kashin dabbobi. Ya kuma riƙa sauya shuka: bana auduga, baɗi wake ko gyaɗa. Dalili kuwa, a saiwar wake da gyaɗa akwai waɗansu 'yan ƙulle-ƙulle, cikinsu akwai ƙananan halittu masu jawo sinadarin naitirojin daga iska su mai da shi abincin ƙasa, wato abin da auduga ke zuƙewa. Waken nan irin namu ne, daga Afirka aka kai shi can. Ya kuma kwaɗaita musu noman dankali don iyali su sami abin ci ba sai sun ci bashi a kanti ba.

Gona ta yi kyau, sai wata matsala ta ɓullo. Manoman da aka yi domin su ba su iya barin aiki su zo makaranta, da yawansu kuma ba su iya karatu ba. Sai ya ce to, makaranta ta je musu. Ya tsara keken doki wanda aka loda wa iri da garma da kayan nuni, aka fara yawo da shi a 1906. Ana kiransa keken Jesup, don wani attajiri mai wannan suna ne ya ba da kuɗinsa. A bakin gona ake yin darasi, manomi ya gani da idonsa. Ga waɗanda suka iya karatu kuwa ya rubuta 'yan littattafai 44 cikin sauƙin magana.

Wajen 1910 wani ƙwaro mai cin ƙwallon auduga, wanda ya shigo daga Meksiko, ya iso Alabama ya yi ɓarna ƙwarai, mutane da yawa suka koma ga gyaɗa. Sai kuma tambaya ta zama: me za a yi da ita? A 1916 Carver ya fitar da ɗan littafi mai nuna yadda ake noman gyaɗa da hanyoyi 105 na sarrafa ta a ci. A 1921 ya tsaya gaban wani kwamiti na majalisar dokokin Amurka a madadin manoman gyaɗa. Minti 10 aka ba shi, amma da ya fara fito da abubuwan da ya yi da ita sai aka yi ta ƙara masa lokaci. Daga ranar sunansa ya game ƙasar.

Amma fa kada mu ƙara wa labari gishiri. Ana lissafa masa abubuwa wajen 300 daga gyaɗa, sai dai kaɗan ne ƙwarai suka shiga kasuwa, ba shi ne kuma ya fara yin tunkuzar gyaɗa da ake shafa wa burodi ba, kamar yadda waɗansu ke faɗi. Sha'anin mulki ma bai iya shi sosai ba, sun sha saɓani da Washington a kan tafiyar da gonar makaranta. Girmansa yana wajen koyar da talaka yadda zai rayar da ƙasarsa ya ciyar da gidansa da abin da ke hannunsa.

Ya yi shekara 47 a Tuskegee. Bai yi aure ba, bai damu da tufafi ba, kuɗin da ya tara kuwa ya ba da su don a ci gaba da binciken aikin gona. Ya rasu ran 5 ga Janairu, 1943, aka binne shi kusa da kabarin Washington.

To, 'yan'uwa, ku duba yadda ya bi da kowace wahala. Ya fara lura har ya gane ainihin ciwon, sa'an nan ya duba abin da ke kusa, ya gwada a ƙaramin wuri tukuna, in kuma magani ya haifi wata matsala ya bi ta ita ma. Ran da aka tura ka makarantar da ba kayan ƙirga, akwai tsakuwa da kara. In ba taswira, akwai filin makaranta da sanda. Iyayenmu da ke haɗa gero da wake a gona ɗaya sun riga mu sanin wani abu, mu tambaye su. Da hanau gara mannau, in ji masu iya magana.