Malam Aminu Kano: Marayan Sudawa Da Ya Riƙe Ma'aikatar Lafiya

Yawancinmu 'ya'yan ma'aikatan masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai ne. Mun saba ganin iyayenmu mata suna sammako zuwa awon ciki, ko su goya ƙannenmu a kai su rigakafi a ƙaramin asibitin unguwa. Idan abu ya ci tura, sai mu ji an ce a wuce asibitin Malam. To, wane ne Malam ɗin?

An haifi Malam Aminu Kano a unguwar Sudawa a 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, masanin shari'a ne. Mahaifiyarsa Rakiya, wadda ta fara ɗora shi a kan karatun allo, ta haihu sau shida, amma a cikin 'ya'yan nan shi kaɗai ne ya girma. Ita ma ta rasu a 1926, yana ɗan shekara shida, kakarsa ta ci gaba da riƙonsa. Wannan ne ya fi tsaya mana a rai da muke haɗa tarihinsa: a wancan zamani babu awo, babu rigakafi, uwa ta binne ɗa bayan ɗa, a yi mata ta'aziyya a ba ta haƙuri.

Ya yi makarantar Shahuci da Midil ta Kano da Kwalejin Kaduna, ya koyar a Bauchi da Maru, sannan ya ajiye alli a 1950 ya rungumi siyasar talakawa a NEPU. Ya dage a kan a sa 'ya'ya mata makaranta, a kuma bar matan Arewa su jefa ƙuri'a, lokacin da faɗin haka kan jawo wa mutum baƙin jini.

A mulkin Janar Gowon ya riƙe ma'aikatar sadarwa, daga nan ya zama Kwamishinan Lafiya na Tarayya daga 1971 zuwa 1974. Bai shiga ofis a sa'a ba, don a 1971 ɗin ne kwalara ta bazu a ƙasar nan ta kashe dubban mutane. Da ya sauka, gidansa na Gwammaja ya koma, ba tare da ya tara dukiya ba.

Allah ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Afrilu, 1983, aka binne shi a gidan nasa, wato Mambayya. Bayan shekara biyar aka kafa asibitin koyarwa da ke kan titin Zariya, wanda yake ɗauke da sunansa. Can ake garzayawa da mata idan naƙuda ta yi gardama, kuma akwai waɗanda aka haifa a can cikin masu karanta wannan allo.